Kalangun Da Ya Shekara Goma A Rataye

Jama'a masu karatu, yau ina roƙonku ku yi haƙuri da ni kaɗan, domin zancen da na zo da shi zai faro ne daga wata ƙasa mai nisa, a kan wani irin kiɗa wanda na tabbata yawancinku ba su taɓa ji ba, waɗanda suka taɓa ji kuwa watakila da sauri suka murɗe akwatin rediyonsu. Amma in kun biyo ni sannu a hankali za mu sauka a garinmu Uba, a cikin ɗakin mahaifiyata, inda wani kalangu ya shekara goma a rataye babu wanda ya isa ya sauko da shi.

Wata rana cikin watan Nuwamba na shekarar 2019 ina aikin dare a ofishinmu, an kusa rufe shafi, sai aka ga sauran wani ɗan gurbi a ƙasan labaran ƙetare wanda bai fi tafin hannu ba. Editan dare ya ce in duba abin da kamfanonin dillancin labarai suka aiko in samo abin cikewa. Cikin abin da na tarar har da sunayen makaɗan da aka tsayar takarar lambar yabo ta Grammy, wadda ake bayarwa kowace shekara a Amurka. Ina bin sunayen sai idona ya faɗa kan wata ƙungiya wai ita Death Angel, watau Mala'ikan Mutuwa. Na ce a raina, wannan wane irin rashin ta-ido ne, mutane su rasa sunan da za su raɗa wa kansu sai wannan? Gurbin dai da wani labari dabam na cike shi, amma bayan an tafi da shafi wurin bugu, bin ƙwaƙƙwafi irin na ɗan jarida ya sa na nemo kiɗan nasu na sa a kunne.

Da farko ban ji komai ba sai ƙara, kamar an ta da injin niƙa guda uku a ɗaki ɗaya. Sai da na daure na ɗan lokaci kana kunnena ya soma rarrabe abin da ke ciki. Ashe a ƙarƙashin hayaniyar akwai tsari. Mai ganga yana taka manyan gangunansa da ƙafafu, dama da hagu, da sauri ba kuskure, sai ka ce 'yan mata sun haɗu a kan turmi ɗaya suna lugude. Masu jita biyu suna tafe da shi taku ɗaya, mawaƙin kuma yana kururuwa a bisa kansu. Turawa suna kiran wannan kiɗa thrash metal. Kalmar farko tana nufin duka irin na sussuka, ta biyu kuwa ƙarfe, saboda haka a wurina sunansa kiɗan sussukar ƙarfe. Ya tashi ne a farkon shekarun 1980 a hannun samarin Jihar Kalifoniya da na birnin New York da na ƙasar Jamus, manyansa kuwa da aka fi sani su ne Metallica da Slayer da Megadeth da Anthrax. Ba zan ce muku na zama mai sha'awarsa ba, gama har yau ba na iya sauraronsa fiye da rabin sa'a. Tarihin mutanen ne ya hana ni barci a daren nan.

Waɗanda suka kafa Death Angel 'yan uwan juna ne, 'ya'yan dangi ɗaya, iyayensu kuma 'yan asalin ƙasar Filifin ne da suka zauna a yankin San Faransisko. Sun fara ne a 1982 suna yara. A 1985 suka ɗauki wani kaset na gwaji wanda Kirk Hammett, mai jitar Metallica, ya tsaya musu a kansa, kaset ɗin kuwa ya yi ta yawo hannu da hannu, wannan ya kwafa ya aika wa wancan ta gidan waya, kamar dai yadda kaset ɗin Shata da na Ɗan Maraya suke yawo a tashoshin motarmu a wancan zamani. Faifansu na farko, The Ultra-Violence, ya fito a 1987, sa'ad da aka ɗauke shi kuwa mai gangarsu Andy Galeon yana ɗan shekara 14 da haihuwa. A 1990 babban kamfanin Geffen ya fitar musu da faifai na uku, Act III, har ana ganin su ne za su bi sahun manyan nan.

A cikin wannan yawon wasa ne motarsu ta yi haɗari a Jihar Arizona suna kan hanyar zuwa Las Vegas. Mai gangar ya ji mummunan rauni, sai da ya fi shekara yana jinya. Aka matsa musu su ɗauki wani mai ganga su ci gaba da yawo, tun da an riga an zuba kuɗi. Suka yi 'yan wasanni kaɗan da wani na aro, amma suka ƙi yarda a maye gurbin ɗan'uwansu ɗungum. Kamfani ya sallame su, a 1991 ƙungiya ta watse. Daidai wannan lokaci kuma kasuwa ta juya musu baya, wani sabon kiɗa ya taso daga birnin Seattle, irin na su Nirvana, samari suka koma can. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake.

Haka aka shekara goma ba a jin sunansu. Sai a 2001 ciwon daji ya kama wani abokin sana'arsu, Chuck Billy, mawaƙin ƙungiyar Testament. Makaɗan yankin suka shirya wasan tara gudummawa a San Faransisko cikin watan Agusta na shekarar, suka sa masa suna Thrash of the Titans. Mu a ƙasar Hausa ajo muke ce wa irin wannan taro, inda makaɗa kan fito su yi wasa, jama'a su zuba abin da ya sawwaƙa domin wanda wata hidima ta taso masa. Aka roƙi 'yan Death Angel su haɗu ko da na dare ɗaya ne, suka amsa. Galeon ya koma kan gangunansa, wani abokinsu Ted Aguilar kuma ya riƙe jitar ɗaya daga cikin 'yan uwan da bai sami zuwa ba. Daga wannan dare ba su sake watsewa ba. A watan Mayu na 2004 suka fitar da The Art of Dying a kamfanin Nuclear Blast na Jamus, watau shekara 14 ke nan bayan faifan da ya gabace shi. Shi ma Chuck Billy Allah ya ba shi lafiya, har ƙungiyarsa ta fitar da nata sabon faifai a 2008.

Na saurari faifan 1987 da na 2004 a jere. Na farkon gudu ne zalla, irin na yaron da aka sako daga makaranta. Na biyun ya buɗe da jita marar lantarki a natse kafin sussukar ta fara, akwai wuraren da suka sassauta, sa'an nan mai ganga da wasu biyu cikin masu jita kowannensu an ba shi waƙa guda ya ja da bakinsa, kamar yadda ake zagayawa da ƙwaryar fura a gidan da aka daɗe ba a haɗu ba. Da aka kira sallar asuba na kashe, abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa akwai mutanen da suka gwammace su rasa kamfani da kasuwa da su miƙa wa baƙo gangar ɗan'uwansu yana kwance. Na san wani mutum mai irin wannan hali, shi ne kawuna.

Ga wanda bai san Uba ba, gari ne a kan hanyar da ta taso daga Mararrabar Mubi ta nufi Michika da Madagali da Gwoza har Maiduguri, ba nisa da kogin Yedzaram. Tsohon gari ne, har Baturen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya ratsa ta cikinsa a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola. A kan iyaka yake, wani sashe a Jihar Adamawa wani a Jihar Borno, har mukan yi wa baƙi ba'a cewa a garinmu mutum yana iya karya kumallo a wata jiha ya wanke hannu a wata. Margi da Fulani da Hausawa suna zaune tare, Musulmi da Kirista, Hausa kuma ita ce bakin kasuwa.

Wan mahaifiyata, wanda muke kira Kawu Babba, tela ne da rana, da dare kuma mai jita. A wajen 1986 ya sayi wata tsohuwar jita ta lantarki da lasifika a hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Kamaru, ya tara mutanensa. Ɗan baffansu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ne a kan kalangu, akwai 'yan amshi biyu, sai wani maƙwabcinmu ɗan Margi kuma Kirista a kan babbar ganga. Ba su taɓa raɗa wa kansu suna ba, jama'a dai 'yan jita suke ce musu. Da batirin mota suke kunna lasifikar, su yi biki da suna da Salla da Kirsimeti, daga Uba zuwa Lassa da Hong da Michika da Mubi, suna waƙa da Hausa da Fulatanci da Margi gwargwadon gidan da ya kira su. Kaset ɗaya tak suka taɓa yi, a 1994, da rikoda a zauren kakanmu, har ana jin carar zakara a bayan waƙa ta uku.

Abin da ya bambanta su da sauran makaɗan yankin shi ne hirar da ke tsakanin jitar nan da kalangun nan. Kawu Babba ba ya ƙirga, ba ya ɗaga hannu, ba ya waiwaya. Yakan fizgi wata 'yar magana a kan jita ya tsaya, sai Kawu Ƙarami ya matse tsarkiya a hammata, kalangu ya maimaita masa ita har da ƙari, wani lokaci da zolaya, mutane su fashe da dariya alhali babu wanda ya buɗe baki. Ina yaro nakan zauna a kan batirin nan, aikina ke nan, in tsare waya kada masu rawa su fizge ta.

Sai shekarar 2014 ta zo. A watan Satumba Michika ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. A ƙarshen Oktoba suka shigo Uba, ran 29 ga wata suka kama Mubi har suka sake mata suna. Ni a lokacin ina Mubi ina karatun aikin jarida, na bi ayarin masu gudu a ƙafa ta cikin duwatsu, sai bayan kwanaki na tarar da danginmu a Yola. Kowa ya iso sai mutum ɗaya. Kawu Ƙarami ya raka matarsa da 'ya'yansa har bayan gari, sa'an nan ya ce su ci gaba zai koma ya kwance awaki kada su mutu a ɗaure, yanzu zai same su. Wannan ne ganin ƙarshe da aka yi masa.

Cikin watan Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato Mubi, mutanenmu kuwa sai a 2015 suka koma gida. Ba jita, ba lasifika, kaset ɗin nan ma ya ƙone tare da zauren. Amma da aka buɗe rumbu sai ga kalangun a ƙarƙashin dawa, ashe tun da mai shi ya ji labarin cewa mutanen nan ba sa barin makaɗi ya binne shi a can. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta naɗe shi a zane ta rataye a ƙusa a ɗakinta.

Babu inda ba a nema ba. An duba sansanonin Yola, an aika sansanin Minawao a Kamaru, an ba Ƙungiyar Red Cross sunansa da kamanninsa. Ba mu kaɗai ba ne. A 2019 ƙungiyar ta ce akwai 'yan Nijeriya kusan 22,000 da ke rubuce a littafinta na waɗanda suka ɓata, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wurinta a lokacin. Wanda bai ɗanɗana ba zai zaci ɓata ya fi mutuwa sauƙi, amma a mutuwa akwai wanka da jana'iza da zaman makoki, a yi kwana uku a yi bakwai a yi arba'in kowa ya kama gabansa, mai ɓataccen mutum kuwa ko ƙofa iska ta kaɗa sai ya ɗaga kai. Zancen matarsa alƙali ya warware shi bisa mazhabar Malikiyya, ta jira shekara huɗu sa'an nan ta yi idda. Sai dai babu alƙalin da ake kai wa ƙarar kalangu.

A al'adar makaɗanmu kiɗa gado ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya tashi a gidan kiɗa, da ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba. Shi ma Kawu Ƙarami ya bar ɗa namiji, yana ɗan shekara tara aka yi gudun, yaron da ko gwangwani ya samu sai ya sa shi magana, duk wanda ya ji kuwa ya san hannun ubansa ne. Amma gado sai an tabbatar da mutuwa. Duk ranar da aka sauko da kalangun nan aka rataya wa yaron, to, ranar ce gidanmu ya faɗa da bakinsa cewa mai shi ba zai dawo ba. Saboda haka Kawu Babba ya hana, shi kansa kuma ya bar kiɗa ya koma kan keken ɗinkinsa.

Ni kuwa da labarin Amurkawan nan ya cika mini kai, sai na sayi wata jita ta hannu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, na nufi gida da ita a hutun ƙarshen shekarar 2019. Na same shi a shago, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ga tsarabarka." Ya dubi jitar bai taɓa ta ba, ya ce, "Malam ɗan jarida, wa ya gaya maka ina cigiya?"

Na zauna na kwance masa duk abin da na tanada. Na ba shi labarin Mamman Sani na Jumhuriyar Nijar, wanda ya ɗauki kaset na kiɗan ogan a gidan rediyon Yamai a 1978, aka buga 'yan kaɗan, mutanen Nijar suka yi shekaru suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci kaset ɗin ya sake fitar da shi a 2013, dattijon ya shiga yawon wasa a Turai. Na ba shi labarin Orchestra Baobab ta Dakar, wadda ta watse a 1987, mai jitarta Barthélémy Attisso ya koma Lome ya kama aikin lauya ya fi shekara goma bai riƙe jita ba, amma da aka kira shi ya zauna ya sake koya wa yatsunsa, suka fitar da Specialist in All Styles a 2002. Daga ƙarshe na kawo masa zancen 'yan uwan nan na San Faransisko.

Duk wannan yana taka kekensa bai ɗago ba. Da na gama ya tsinke zare da haƙori ya ce, "Shi na Nijar an tsinci kaset ɗinsa, nawa kuwa toka ne. Su waɗannan Turawan naka, mai gangar tasu ya tashi daga jinyar ya dawo?" Na ce, "Ya dawo, Kawu." Ya ce, "To, ka gani. Ni ma jira nake yi." Can kuma ya ƙara da cewa, "Ɗana, kai labarin cike shafi kake nema."

Maganar nan ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Tun a mota na riga na tsara kanun labarin a kaina. Akwai kuma abin da na sani na ɓoye masa, watau cewa shi Andy Galeon ɗin ya bar ƙungiyar a 2009, sauran kuma suka ci gaba da wani mai ganga, da shi ne ma suka yi waƙar da ta kai su takarar Grammy. Na buɗe baki zan faɗa sai na ga in na faɗa, ni ne zan zama mutumin farko a gidanmu da ya ce Kawu Ƙarami ya mutu. Na bar jitar a jingine a bayan ƙofa na koma bakin aikina.

Shekara biyar ta wuce. A daminar 2024 maƙwabcin nan namu mai babbar ganga ya sami shanyewar ɓarin jiki, aka ce sai an riƙa kai shi asibiti a Yola. Iyalinsa suka sayar da abin da za su iya sayarwa har ya ƙare. Bayan an kai amfanin gona gida, tsofaffin 'yan amshin nan biyu suka sami Kawu a shago suka ce babu abin da ya rage sai a yi masa ajo. Dada ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce kwana uku bai ce uffan ba, ran na huɗu bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar ɗakinta ya ce ta sauko masa da kayan yaron nan. Ta ce, "Yaya, ka tabbata?" Ya ce, "Wancan da ke kwance shekara talatin muna cin tuwo a akushi ɗaya. In na zauna jiran wanda ba na gani, wanda nake gani zai tafi."

Kafin a kwance zanen sai da ya kira liman aka yi addu'a, aka toya waina aka raba wa yara sadaka, wanda tun 2014 ba a taɓa yi da sunan Kawu Ƙarami ba. Fatar kalangun ta bushe ta tsage, aka kai aka sake ta, amma tsarkiyar ya ce a bar ta yadda take. Jitar da na bari a bayan ƙofa ashe tana nan, ya sa mata sababbin wayoyi, kullum in dare ya yi ya rufe shago shi da yaron. Yatsun da suka saba da allura suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta.

An yi ajon a filin makarantar firamare cikin watan Disamba, na zo musamman, ban kuwa ɗauko littafin rubutu ba. Mutane sun fito daga sashen Borno da na Adamawa, wani da kuɗi, wata da mudun gyaɗa, wani da damin dawa. An kawo majinyacin a kujera aka ajiye shi a gaba. Waƙar farko ba ta yi kyau ba ko kaɗan. Yaron ya tsorata yana ta gudu, muryar Kawu kuma ta shaƙe a inda da take hawa ba wahala, har na ji wasu samari a bayana suna dariya. Ta biyu ma haka. A ta uku ne Kawu ya fizgi wata tsohuwar magana a kan jita ya tsaya cik bai waiwaya ba. Fili ya yi tsit. Sai yaron ya matse tsarkiya ya amsa, har da 'yar zolayar nan a ƙarshe, daidai yadda ubansa ke yi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, guɗar ta juye ta zama kuka, mata suka kama. Majinyacin nan na ga yana buga gwiwarsa da hannun da ke motsi. Abin da aka tara a daren ya ɗauki nauyin mota da magani na watanni.

A farkon 2025 suka je Mubi, wani ɗan ɗaki a bayan shagon sayar da wayoyi inda wani saurayi ke ɗaukar waƙoƙin zamani da kwamfuta. Saurayin ya ce akwai na'urar da za ta gyara muryar Kawu ta koma sumul kamar ta yaro. Kawu ya ce a bar masa muryarsa, da ita ya yi gudun hijira. Suka ɗauki waƙa shida, huɗu tsofaffi biyu sababbi. Ɗaya daga cikin sababbin babu yabon mai kuɗi a cikinta, babu roƙo, unguwannin Uba yake bi ɗaya bayan ɗaya yana kiran waɗanda ba su dawo ba da laƙabin da aka san su da shi, Musulmi da Kirista, in ya kira suna sai ya yi shiru kalangu ya amsa. Babu kamfani, babu faifai na hannu. Masu tura waƙoƙi a waya a kasuwa aka ba, suka yi ta tura wa mutane, ko kwabo bai shigo aljihun Kawu ba.

Zan gaya muku gaskiya, da na fara sauraron aikin a ɗakina raina bai yi daɗi ba. Ni kaset ɗin 1994 nake nema, da gudunsa da carar zakaransa, sai na tarar da dattijo mai murya ƙasa-ƙasa yana tafiya a hankali. Na kunna wa wani abokin aikina, ya ce wannan ai kiɗan tsofaffi ne. Daga baya na gane cewa laifin na kunnena ne. Mu masu sauraro in tsohon makaɗi ya dawo, ƙuruciyarmu muke so ya maido mana, shi kuwa ba ta hannunsa. Abin da ke hannunsa shi ne shekarun da ya yi shiru da abin da ya gani a cikinsu, in ya zuba su a faifai ya biya bashinsa. Da wannan ma'auni na koma kan The Art of Dying, sai na ji wuraren da na ɗauka gajiya ce ashe mutane ne da suka yi jinya suka yi rashi suna magana da muryarsu ta yanzu. Ba a banza aka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.

Saboda haka, jama'a, na san da wuya a rasa irin kawuna a garinku, musamman ku mutanen Arewa maso Gabas da na Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda tashin hankali ya watsa ƙauyuka. Akwai mai goge ko mai kukuma ko mai gurmi da ya rataye kayansa ya koma noma ko faci. Ya kamata gidajen rediyon jihohinmu da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su bi su da na'ura tun suna da rai, gama kaset ɗaya a zaure ɗaya wuta ɗaya ce ke cinye shi. Amma wanda zai je, kada ya yi irin tawa, ya shiga da kanun labari a aljihu. Ya zauna tukuna ya ji abin da mutumin yake jira.

Da na gaya wa Kawu zan rubuta wannan, na zaci zai hana. Sai ya ce in rubuta, amma kada in sa suna, kuma in ƙara masa magana ɗaya a ƙarshe tun da jaridarmu tana zuwa nesa. Ya ce in akwai wani mutumin Uba a wani sansani ko wani gari, wanda ya koma kwance awaki a ƙarshen Oktoban 2014, to, ya sani kalangunsa yana hannun ɗansa, an sake masa fata amma tsarkiyar tasa ce, kuma aro aka ba yaron.

Na cika alkawari. Allah ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.